Kyan hoto ko wayon abokin gaba?

Gardamar matasa kan wasannin harbi ba ta wuce abu ɗaya: wanne ya fi kyan hoto? Ni a ganina, an bar jaki ana dukan taiki. Abin dubawa shi ne wayon abokin gaba.

Crysis, wanda kamfanin Crytek na Jamus ya fitar a 2007, ya burge jama'a da daji da teku kamar na gaske, amma kwamfutoci kaɗan ne suka iya ɗaukarsa yadda ya kamata. F.E.A.R. na 2005 kuwa ofisoshi ne da ɗakunan ajiya masu duhu, kusan duk iri ɗaya. Sai dai sojojinsa kan laɓe, su zagayo ta bayanka, su jefo gurneti don su fito da kai, suna kiran juna. Jeff Orkin ya tsara su yadda kowane soja zai zaɓi matakan cimma burinsa da kansa.

Hoto kan tsufa da zarar sabuwar na'ura ta fito. Abokin gaba mai wayo kuwa kullum sai ya sa ka sake dabara. Kafin ka kashe kuɗinka, ka tambaya: maƙiyan suna tunani, ko tsayawa suke a harbe su?