Sagacité: Faifan da Mai Liƙi Ya Karɓe Makirfo

A fagen kiɗa irin namu kowa ya san gurbinsa. Mawaƙi ya wasa ka, kai kuma ka sa hannu aljihu ka yi masa liƙi. Faifan Sagacité da Douk Saga ya fitar a 2003 ya birkita wannan tsari, domin mai liƙin ne da kansa ya hau dandamali ya riƙe makirfo, yana kuma watsa wa 'yan kallo kuɗi. Daga nan kiɗan coupé-décalé ya samu ƙafar tsayawa, ya mamaye Abijan, ya ƙetara har Yamai da Bamako da Dakar.

Ba a Abijan abin ya faro ba. A birnin Paris ne, a gidan rawa na Atlantis, inda wasu samarin Kodebuwa da suka sa wa kansu suna Jet Set suke haɗuwa da dare. Akwai Stéphane Hamidou Doukouré, wato Douk Saga, haifaffen Yamusukuro a 1974, ga Molare, ga Boro Sanguy, ga Lino Versace. Babu mawaƙi ko ɗaya a cikinsu a lokacin. 'Yan gayu ne masu sa kaya masu tsada, su shigo da takun ƙasaita, mai sa faifai ya kama sunayensu yana yi musu kirari a kan kiɗan Kwango, su kuma su yi ta zuba masa takardun kuɗi. David Monsoh, mai kamfanin Obouo, shi ya hango cewa wannan daren da kansa haja ce. Ya ja Douk Saga zuwa ɗakin naɗar sauti. Kamfanin mutum ɗaya ne, ba reshen wani babban kamfanin Turai ba, kuma shi ne daga baya ya fitar da faifan farko na Fally Ipupa, Droit Chemin, a 2006.

Abin da ya fi burge ni a Sagacité shi ne bai ɓoye asalinsa ba. Ba a yi ƙoƙarin mayar da Douk Saga zabiya ba. Muryarsa a shaƙe take, magana ya fi yi da kiran sunayen abokai, kamar yadda ake yi a Atlantis. Nauyin aikin yana kan kiɗan: ganga ta na'ura mai bugu ɗaya ba fashi, ƙaramar ganga tana sara a tsakani da sauri, jita irin ta Kinshasa tana kewaya gajeren zango tana dawowa. Mawaƙan Kwango sukan ja mai sauraro da doguwar waƙa kafin su kai shi wurin da rawa take zafi. A nan an datse gabatarwar, an kama wurin zafin tun daga farko an riƙe shi har ƙarshe. Wannan dabara ce ta mutanen da suka san filin rawa daga ciki, kuma ita ta sa kiɗan ya zauna daram a hannun masu sa faifai.

Sai kuma lokacin da ya fito. Ranar 19 ga Satumba 2002 yaƙi ya ɓarke a Kodebuwa, ƙasar ta rabu biyu, Buwake a hannun 'yan tawaye, Abijan cikin dokar hana fita. Kafin nan zouglou ne kiɗan matasa, wanda ɗaliban jami'a suka ƙirƙiro wajen 1990, yana kukan talauci da yunwa cikin raha, kamar yadda Magic System suka yi a Premier Gaou. Sagacité bai ce uffan a kan yaƙi ba, bai tambayi kowa ƙabilarsa ko takardarsa ba. Wasu suna ganin wannan gudun gaskiya ne. Ni ina ganin alheri ne babba, musamman ga baƙi. Wanda ya san unguwar Adjamé ta Abijan ya san nawa ne 'yan Nijar da Mali da Burkina Faso a cikinta, daga masu tireda a kewayen Roxy zuwa Hausawa masu sayar da garba, wato acheke da soyayyen kifi. A shekarun da maganar wane ne ɗan ƙasa na asali take raba maƙwabta, ga kiɗan da yake tashi daga motar gbaka, yaron mota yana rataye a ƙofa yana bubbuga ƙarfe daidai da gangar, kuma babu fasinjan da waƙar ta ware.

Duk da haka faifan yana da rauni, kuma ƙaunarsa ba za ta hana a faɗa ba. In ka raba shi da filin rawa ka zauna kana sauraro, za ka ji abu ɗaya yana maimaituwa. Kalmomin ba su da zurfi. Mafi nauyi shi ne darasin da hoton bidiyon ya koyar: sigari mai kauri, kwalaben barasa, kayan Versace, ba tare da an ga wata sana'a a bayansu ba. Tun a lokacin ake ta surutu kan inda kuɗin liƙin yake fitowa, kuma 'yan damfarar intanet da suka yi yawa a Abijan daga baya sun samu abin koyi a wannan ƙwalisa. Duk uban da ya ƙi jinin kiɗan saboda haka yana da hujjarsa.

Douk Saga bai daɗe ba. Ya rasu a Wagadugu ranar 12 ga Oktoba 2006 yana da shekara 32. Amma ƙofar da ya buɗe masu sa faifai ne suka fi amfana da ita, domin tunda mai liƙi ya iya zama tauraro, mai kirari ma zai iya. A titin Rue Princesse na Yopougon, wanda hukuma ta rushe mashayansa a Agustan 2011, DJ Arafat ya taso da Hommage à Jonathan a 2003. Shi ma DJ Lewis ya mayar da fargabar murar tsuntsaye rawa a 2006. Arafat ya kai kiɗan wani mataki na sauri da ƙarfi da Sagacité bai kai ba, har ya kafa nasa kamfanin, Yorogang, kafin hatsarin babur ya yi ajalinsa a Agustan 2019. An binne shi a maƙabartar Williamsville, cikin Adjamé.

Idan aka jera shi da Douk Saga, Arafat ya fi iya waƙa nesa ba kusa ba, kuma faya-fayansa sun fi gogewa. Sagacité kuwa yana da abin da su ba su da shi, wato ɗanyen sautin daren da aka haifi abin. Wanda bai taɓa jinsa ba ya fara da bidiyon, domin rabin aikin a kafaɗa da taku yake, sa'annan ya ƙure sautin.