Bitar Insha'i Kafin Miƙa Shi: Sharhi a kan Wani Giɓi a Koyar da Hausa

Duk malamin da ya taɓa zama da tarin littattafan insha'i ya san cewa yawancin kurakuran da jan bironsa ke kewayewa ba na jahilci ba ne. Ɗalibin ya san daidai. Abin da bai yi ba shi ne sake duba aikinsa. Ra'ayina a wannan sharhi shi ne, laifin ba na ɗalibi kaɗai ba ne, domin muna koya masa rubutu amma ba mu koya masa bita. Iyakacin abin da akan ce masa shi ne, "Ka duba aikinka," ba tare da an nuna masa abin da zai duba ba.

Bitar rubutun Hausa tana da wata wahala ta musamman. Ƙa'idojin da muke bi, tun daga na Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, na 1912, zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, ba su kai ga sa rubutun yau da kullum ya nuna karin sauti ko tsawon wasali ba. Saboda haka "gari" na iya zama birni ko na tuwo, "kuka" na iya zama itace ko hawaye. Marubuci, da yake ya san abin da ke ransa, kunnensa ne ke cike masa abin da takarda ba ta faɗa ba. Mai karatu kuwa ba shi da wannan gata. Ashe ke nan bita ta gaskiya ita ce ɗalibi ya karanta aikinsa kamar baƙo.

Ya kamata bitar ta bi matakai uku, bi da bi. Na farko shi ne ma'ana: shin an amsa tambayar da aka yi? Shin kowane sakin layi yana ɗauke da batu guda, yana kuma share wa na bayansa hanya? Ba amfani a gyara baƙaƙen jimlar da a ƙarshe za a soke.

Na biyu shi ne jimla, kuma a nan karatu da murya ya fi komai. Da shi ake kama jimlar da ta yi tsawo har numfashi ya ƙare, da wadda aka gina bisa tsarin Turanci, da saɓanin jinsi irin su "rigan malam" maimakon "rigar malam".

Na uku shi ne ƙa'idojin rubutu. A bi baƙaƙe masu ƙugiya ɗaya bayan ɗaya, domin "baƙi sun iso" dabam yake da "baki", haka nan "ƙafa" da "kafa". Wannan cuta ta ƙaru tun da yara suka saba rubutu a wayar hannu ba tare da ƙugiya ba. Sannan a duba raba kalmomi da haɗa su. Sunan jaridar nan da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ya isa misali: Gaskiya Ta Fi Kwabo. In aka haɗa "ta" da "fi", an sallami gaskiya ke nan, an ce mata ta tafi. Haka "akan" na sabo ya bambanta da "a kan" na wuri.

Wannan tarbiyya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Masu kwafar littattafan addini da hannu sukan yi muƙabala, wato ɗaya na karanta asali, ɗaya na bin kwafi, har a tabbata ba a tsallake kalma ba. Me zai hana ɗalibai biyu su yi musayar insha'i su yi wa juna haka? Laifi tudu ne, mutum kan taka nasa ya hango na wani.

Daga ƙarshe, shawarata ga malamai ita ce a ware wa bita lokacinta a cikin darasi, a kuma nemi ganin rubutun farko tare da na ƙarshe. Malamin da ke gyara wa ɗalibi kowane kuskure da hannunsa ya gyara takarda ne kawai. Ɗalibin kuwa zai shiga ɗakin jarrabawa, inda ba mai gyara masa sai kansa.