Kiran Haraji da Sunansa: Karatun Kitabul Farƙi da Idon Mai Sayen Gida a Gobir

Duk wanda ya taɓa sayen gida a Sabon Birni ko Isa ya san cewa sallamawar mai gida ba ita ce ƙarshen biya ba. Akwai la'adar dillali, akwai goron shaidu, akwai abin da ake ajiye wa mai unguwa kafin ya sa hannu a takardar ciniki. Idan mai saye yana son takardar mallaka ta gwamnati, sai ya nufi Sakkwato, ya biya kuɗin awon fili da na hatimi da na rajista, sannan kuɗin ƙasa ya riƙa binsa duk shekara. Wasu daga cikin waɗannan kuɗaɗe suna da adadi da rasit, wasu kuwa sai a ce masa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Wanne ne haƙƙi, wanne ne ƙwace? An taɓa yin wannan tambaya a wannan ƙasa fiye da shekaru 200 da suka wuce, a cikin Kitabul Farƙi, ɗan littafin da ake jingina wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda Mervyn Hiskett ya buga tare da fassarar Ingilishi a 1960.

Littafin bai yi magana a kan cinikin gida ba. Jigonsa shi ne bambance mulkin da ya ginu a kan shari'a da mulkin sarakunan ƙasar Hausa na wancan zamani. Sai dai dabarar da marubucin ya bi ta fi jigon amfani ga mai sayen gida na yau. Da Larabci aka rubuta shi, amma da an zo kan kuɗin da ake tatsar talaka, sai a kira kowane da sunansa na Hausa: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa, gado. Salon iri ɗaya ne, ana ta maimaita shi: a bayyana abin da ake aikatawa, sannan a kawo sunan da masu aikatawa suka laƙaba masa. Da an kafa suna kusa da aiki sai tazarar da ke tsakaninsu ta fito fili. Gaisuwa kalma ce ta ladabi, amma a littafin kuɗin neman isa gaban mai iko ce. Gado kalma ce ta shari'a, amma a nan sarki ne ke kwashe dukiyar mamaci. Marubucin ya gane cewa zalunci yakan sa rigar kyakkyawar kalma, kuma aikin farko na mai alƙalami shi ne tuɓe masa ita. Goro da alheri da ihsani, waɗanda ake ambata wa mai sayen gida a yau, jikokin gaisuwa ne.

Bayan tonon silili, littafin ya jero ƙofofin da baitulmali ke samun kuɗi ta halal, kamar ushiri da harajin ƙasa. Wato bai ƙi haraji ɗungurungum ba. Daga kwatancin nan mai karatu zai iya tsamo ma'auni: kuɗin da hukuma za ta karɓa ya kasance yana da tushe a doka, yana da adadi sananne, kuma yana shiga taskar jama'a. Wannan ya dace da labarin haɗuwar Shehu da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo a Magami wajen 1788, inda ya ƙi karɓar kyauta, ya nemi abubuwa biyar, ciki har da sassauta wa talakawa haraji.

Duk da haka, adalci ya wajabta a faɗi raunin littafin. Na farko, murya ɗaya ce ke magana a cikinsa. Fadar Alƙalawa, wadda ta faɗi a 1808, kuma kufanta na nan a ƙasar Sabon Birni, ba a ba ta bakin kare kanta ba. Bagobirin da kakanninsa suka watsu zuwa Tsibiri ba zai karanta shi a matsayin hukuncin alƙali ba, sai dai a matsayin ƙarar mai ƙara. Na biyu, tarihi ya nuna cewa ambaton ciwo bai isa magani ba. Matafiyin nan Heinrich Barth ya tarar ana karɓar kuɗin ƙasa a Kano a 1851, Turawa suka zo suka ɗaure wa haraji da jangali gindi, kuma sai a 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su. Na uku, littafin ya zuba ido a kan halin mai mulki, bai kula da hujjar da talaka zai riƙe a hannunsa ba. Mai neman hukuncin mallakar ƙasa sai ya koma ga Ta'alimur Radi na Shehu Abdullahi na Gwandu.

Wannan giɓi na uku shi ne ya fi ciwo a yau. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, ta kuma shar'anta amincewarsa kafin a sayar da filin da ke da takardar jiha, ko amincewar ƙaramar hukuma idan mallakar ta gargajiya ce. Saboda nisan hanya da yawan kuɗi, mutane da dama sukan tsaya ga takardar mai unguwa, su bar magadansu da hujja mai rauni. Ga kuma sabon mai karɓa ya shigo. Tun 2021 rahotanni ke bayyana yadda 'yan bindiga ke aza wa ƙauyukan Sabon Birni da Isa kuɗi kafin su bar mutane su kwana a gidajensu ko su yi noma, kuma har wannan ma haraji ake kiransa. Magidancin da ya gaji da biya ya baro gidan ubansa, ya shigo gari ko ya tsallaka Maraɗi neman matsuguni, sai ya tarar da wani layin masu miƙo hannu. An gudu ba a tsira ba.

A nan ne Kitabul Farƙi yake da sauran aiki. Ɗan bindiga yana da ikon tilastawa, amma ba shi da doka, ba shi da adadi, ba shi da taskar jama'a. Hukumar da ke son talaka ya bambanta ta da shi dole ta nuna waɗannan ukun a fili: a liƙa jerin kuɗaɗen sayen gida a ƙofar sakatariyar Isa da ta Sabon Birni, da boko da ajami, kowane da sunansa da adadinsa da rasit ɗinsa. Marubutanmu kuwa suna da bashi a kansu. Littafin ya adana mana sunayen harajin zamanin Yunfa har muka gaje su. Na zamaninmu suna jiran wanda zai rubuta su, kowane kusa da aikinsa, tun masu biya suna raye.