Gwanin Kai Sababbi Kan Duwatsun Shere

In ka tsaya a cikin garin Jos ka dubi gabas, duwatsun Shere ne za su tare maka ido. Ƙololuwarsu ta kai mita 1,829 daga doron teku, shi kuwa garin yana zaune a kan mita 1,200 da 'yan kai. Samari masu jini a jika suna hayewa a rabin wuni. Amma ni wanda ya fi burge ni shi ne jagoran da zai kwashi waɗanda ba su taɓa taka dutse ba, da ma'aikacin ofis da ɗaliba da dattijo mai furfura, ya kai su ya dawo da su suna marmarin komawa.

Aikinsa yana somawa tun ana sauran kwanaki. Zai bi kowa da tambaya: wa ke fama da gwiwa, wa ke da asma ko hawan jini? Da ƙafar mafi rauni a cikin ayarin yake auna tafiyar. Masu hawan dutse suna da wani tsohon lissafi da William Naismith, mutumin Sikotilan, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Sai dai ƙarfafa aka yi wa wannan ma'auni. Don haka gwani yakan bar babbar ƙololuwa, ya zaɓi ƙaramin tsauni, a ce kilomita 6 zuwa da dawowa da hawan mita 300. Lissafi bai cika awa biyu ba, shi kuwa huɗu zai ware.

Tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya fi so, don da damina falalen dutse santsi gare shi, ga hadarin yamma mai tsawa. Ana idar da sallar asuba a kama hanya. Kowa da ruwa lita biyu, da dabino ko gyaɗa, da rigar sanyi mai sauƙin tuɓewa, da takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi. Sabon takalmi kanta yake jawowa. Kafin a taka gindin dutsen kuma sai an gaida mai unguwa an nemi ɗan gari, domin shi ya san gonar da ba a ratsawa da wurin da mutanensa ke girmamawa.

A kan falalen ake gane hannun jagoran. Baƙo in ya tsorata sai ya manne da dutse yana rarrafe, nan ne kuwa takalmi ke zamewa. Jagoran zai matso kusa da shi ya ce, “Baba, miƙe sosai, ɗora tafin ƙafar gaba ɗaya, taku ƙanana.” Ba ya miƙe hanya sama tsaye, karkacewa yake yi dama da hagu. Mai nawa yana biye da shi, mataimaki yana can ƙarshe. Hira yake ja da gangan, da ya ji haki ya hana wani ƙarasa magana sai ya rage sauri ba tare da ya ambaci sunan kowa ba. Wannan kara da yake yi wa mutane tana taɓa mini zuciya ƙwarai.

Abin da ba ya sassauci a kai shi ne lokacin juyawa. In ya ce ƙarfe sha ɗaya, to ko saura taku ɗari a kai sama, juyawa za a yi, saboda saukowa ta fi cin gwiwa, kuma gajiya ta riga ta shiga jiki. Kafin a gangara yakan zaunar da kowa a sake ɗaure igiyar takalmi tamau, kada yatsu su riƙa dukan bakinsa. Sannan ya gargaɗe su kada wanda ya cusa hannu a kogon da bai ga cikinsa ba, don maciji ma inuwa yake nema da rana.