Kishin da aka yi wa lissafi

Masana shari'a sun raba kisan kai gida biyu: wanda aka ƙulla tun da wuri, da wanda zuciya ta ɗebi mutum ya aikata nan take. Na biyun ake yi wa sassauci, kuma a inuwarsa kisan kishi ya daɗe yana fakewa. Dokar Faransa ta 1810, a aya ta 324, ta ba da uzuri ga mijin da ya kashe matarsa idan ya kama ta da kwarto a gidan aure. Sai a 1975 aka soke wannan uzuri. A Italiya kuwa, aya ta 587 ta tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 7 kacal ga mai irin wannan kisa, har zuwa 1981.

Wannan aya ce Pietro Germi ya tona wa asiri a fim ɗinsa na 1961, Divorzio all'italiana, wato saki irin na Italiya. Ferdinando, ɗan babban gida a tsibirin Sisili, ya gaji da matarsa Rosalia, yana son wata budurwa cikin danginsa mai suna Angela. A lokacin doka ba ta yarda da saki ba, sai a 1970. Saboda haka ya nemo tsohon saurayin matar, ya share musu hanya, domin ya samu hujjar kisa mai araha.

Gwanintar fim ɗin tana nan: Ferdinando ba shi da kishi ko kaɗan. Ya karanta doka, ya ƙirga shekarun kaso, ya ga cinikin da riba. Sassaucin da aka yi domin wanda hankalinsa ya gushe, mai cikakken hankali ne ya ci moriyarsa.

Amma aikin yana da rauni. An mai da Rosalia abin dariya, mace mai naci da gundura, har mai kallo ya wayi gari yana taya makashi jiran sa'a. Doka ta rage darajar ranta, fim ɗin kuma ya hana ta bakin magana. Malamin da zai nuna shi ga ɗalibai ko ƙungiya, ya kamata ya tsai da muhawara a kan wannan: da wa aka yi dariya, kuma wa aka rufe a kabari?