Tsuntsu a Kan Guntun Reshe: Sharhi Kan Tsoffin Zanen Tsuntsayenmu

Kwanan baya muka nuna wa ɗalibanmu a nan Tirkaniya hoton wani tsohon zane na cilakowa, muka ce su faɗi sunanta. Aji ya yi tsit. Wannan shirun ne ya sa muka ga ya dace mu yi tsokaci a kan irin waɗannan zane-zane da Turawa masu binciken halittu suka bari.

Asalinsu ya daɗe. A 1837 William Swainson ya buga littafi mai juzu'i biyu kan tsuntsayen Afirka ta Yamma, ɗauke da zanen da aka shafa wa launi da hannu, alhali bai taɓa taka ƙasar nan ba. Ernst Hartert, Bajamushe, shi ya zo da ƙafarsa tsakanin 1885 da 1886, ya ratsa Zariya da Kano da Sakkwato yana tara tsuntsaye. Daga baya David Bannerman ya fitar da juzu'i takwas tsakanin 1930 da 1951.

Mu fara da yabo, domin an ce yaba kyauta tukwici. Mazanan nan sun ƙware. Lanƙwasar baki, jerin gashin fiffike, tsawon wutsiya, duk sun fito daram, har wanda ya tashi a karkara zai gane tsuntsun nan take.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Mai karatu ya lura da abin da tsuntsun ya taka. Galibi guntun reshe ne ko kututture, an yanke shi gaba da baya, sauran shafin kuwa kusan fayau. Dalili shi ne yawancin mazanan daga busasshiyar fata suke aiki, wadda aka harbo aka aika Turai. Sun ga tsuntsun, ba su ga gidansa ba. A ra'ayinmu wannan shi ne babban gurbin aikin nasu, domin yana koya wa ido cewa tsuntsu na iya rayuwa ba tare da daji ba.

Alal misali, cilakowa a kogon tsohuwar bishiya take ƙwai. Macen kan shiga ta liƙe ƙofar, ta bar 'yar tsaga inda namijin zai riƙa miƙo mata abinci. In mai gatari ya kayar da bishiyar a wannan lokaci, ya haɗa uwa da 'ya'ya ke nan. Maƙwaƙƙwafi da tsirya su ma kogo suke nema, kuma dashen bara ba ya yin kogo.

Abin mamaki, yau kuskuren mazanan ya zama gaskiya. Yankin Kaduna dajin doka ne, da kaɗanya da ɗorawa da kirya. Bayan garin ya zama hedikwatar Arewa a 1917, aka kuma buɗe masaƙar Kakuri a 1957, unguwanni suka yi ta bazuwa kudu da kogi. Itacen girki da gawayi suka ci gaba da cin abin da gine-gine suka rage. Guntun reshen nan na cikin zane, shi ne kusan abin da ya rage wa tsuntsu a unguwarmu.

Daga ƙarshe, muna jan hankalin 'yan'uwa marubuta, domin mu ma muna da irin wannan laifi. Sau nawa muke karanta cewa tsuntsaye na kuka a lambu yayin da masoya ke zance, ba sunan tsuntsu, ba sunan bishiya? Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Baƙo da ya zana daga fata yana da uzuri. Mu da muka ji kukan hasbiya a kan ɗorawa tun muna yara ba mu da shi. Mu rubuta tsuntsu da bishiyarsa tun akwai dattawan da za mu tambaya. Allah Ya sa mu dace.