Taron CAPED da binciken malami a kan ajinsa: ina matsayin darakta?

Tun 1973 Nijar ta fara gwajin koyarwa da hausa a lakwal a Damagaram, kuma dokar LOSEN ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a ilimin firamare. Duk da haka, malamin karkara bai cika samun damar binciken abin da ke gudana a ajinsa ba. A ganinmu, matsalar tana ga yadda aka tsara aikin darakta.

Irin binciken da ake cewa *recherche-action*, wanda Kurt Lewin ya bayyana a 1946, yana da matakai: malami ya gano matsala, ya gwada magani, ya lura da sakamako, sannan ya gyara. Sharaɗinsa shi ne tambayar ta fito daga malamin. Taron CAPED, da ke haɗa malaman makarantu maƙwabta, shi ne ya fi dacewa da wannan aiki. Sai dai sau da yawa jigon taron daga sama yake saukowa, darakta kuwa aikinsa ya tsaya ga kirga mahalarta da aika rahoto.

Mu ɗauki misali daga harshe. Yaron Tibiri, a ƙasar Gobir, yana cewa *hwari* da *tahi*, littafi kuwa ya rubuta *fari* da *tafi*. In ya rubuta yadda yake furtawa, sai a ja masa jan biro. Shin kuskuren karatu ne, ko bambancin karin harshe? Malamin Tibiri, da na Jiratawa, da na unguwar Zariya cikin Maraɗi, za su iya tattara rubutun ɗalibansu na wata uku su kwatanta. Ba a bukatar kuɗi. Ana bukatar lokaci da izini, kuma duka biyun a hannun darakta suke.

Za a ce darakta a ƙauye shi ma yana riƙe da aji, ga rajista, ga kwamitin iyaye. Gaskiya ne. Saboda haka abu uku kawai muke nema gare shi: ya keɓe awa ɗaya a mako, ya adana littafin da malami ke rubuta abin da ya lura, kuma ya tsaya masa gaban sufeto in gwajin bai yi nasara ba. Na ukun ya fi muhimmanci, domin malamin da ke tsoron maki ba zai rubuta gaskiyar ajinsa ba.

Sashenmu kuma ya kamata ya karɓi waɗannan littattafai a matsayin bayanan bincike, da sunan masu su.